Fistan Mai Kwarmi da Sirinjin Ƙanwata

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai kira ni sai ya ce "kai", in zai yi maganata da wani sai ya ce "wancan". Mu Kirista ne tun daga kakana, amma wannan kunyar ba ta san majami'a ko masallaci ba. Yadda limamin unguwarmu ke kauda kai daga ɗansa na fari, haka Baba yake kauda kai daga gare ni. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai a kakar da aka jawo mana motar Alhaji.

Garejinmu yana bakin garin Tasawa, ta hanyar da ke fita zuwa Bawdeta. Rumfar kwano ce da itacen bedi biyu, da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da ɗan ɗakin ajiye kaya. Da damina mukan rufe da safe mu tafi gona, mu buɗe da yamma. Baba ya koyi aikin inji tun yana saurayi a hannun wani Bature ɗan mishan, ni kuma na koya a hannunsa. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, na gudu, na dawo ina miƙa masa kile, sifanar kwance noti. A lokacin da abin ya faru na haura shekara ashirin a rumfar nan, ina da mata da ƴaƴa uku. Idon Baba kuwa ya yi yana, yana ganin mutum kamar inuwa. Ni nake yin aikin duka. Shi yana zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota da muka jingina da bedi, yana saurare. Da kunne kawai yakan gaya maka buji na nawa ne, wato filogi, ba ya ba da wuta.

Ƙanwata ita ce auta, shekara goma sha ɗaya ke tsakaninmu. Ita ta yi karatu har ta zama majo, wato ita ke riƙe da wani ƙaramin gidan likita a wani ƙauye kusa da Atantane. Baba yana kiranta Auta, yana wasa da ita, yana cin abinci da ita a kwano ɗaya in ta zo. Wannan ma ban damu da shi ba. Na ɗauka gida nata ne, gareji nawa.

Alhaji abokin Baba ne tun kafin a haife ni. Iyayensa daga Azbin suka gangaro suka zauna wajen Mairairai, suna noma suna kiwo. Yana da wata tsohuwar mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya, mai silinda huɗu, mai shan esans, wato fetur. Da ita yake kai dabbobi kasuwa, da rani kuma ya yi jigilar ganguna na ruwa. Shekarar da ta gabata injin ya yi zafi, kulas ya lanƙwashe, wato murfin ƙarfen da ke rufe kan silindodin. Na aika da shi Maraɗi aka aske fuskarsa ta daidaita, aka kuma faɗaɗa silindodin kaɗan. Da na je sayen sababbin fistan, mai kanti ya nuna mini wasu masu shafaffen kai, ya ce sun fi ƙarfi. Waɗanda na cire masu kwarmi ne a ka, kamar an danna ƙaramin ƙoƙo a ciki. Ban tambayi Baba ba, na sa masu shafaffen kan.

Motar kuwa ta yi ƙarfi. Alhaji ya ce tun da ya saye ta bai taɓa jin ta haka ba. Abu ɗaya ya yi ƙorafi a kai: in an yi mata lodi ta shiga rairayi, sai ta riƙa wata ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Na ce masa esans ɗin kwalba ne da yake saye a ƙauye, ba komai. Wata takwas ta yi. Ana cikin yankan gero sai ga ta an jawo ta da igiya.

Na buɗe inji. Fistan na uku ya huje a tsakiya, gefen hujin ya narke kamar an sa masa wutar walda. Na kai wa Baba. Ya shafa kansa, ya zura ɗan yatsa a hujin, ya jima.

"Wane iri ka sa mata bara?"

"Mai shafaffen kai."

"Waɗanda ka cire fa?"

"Masu kwarmi."

"Kulas ɗin sau nawa aka aske shi?"

"Da na bara sau biyu ke nan."

Ya goge yatsansa a riga. Ya juya wajen Alhaji. Ya ce masa fistan in ya hau sama, iska da esans yake matsewa a wani ɗan fili da ke ƙarƙashin kulas, sannan buji ya ba da wuta. Duk askin da aka yi wa kulas, filin nan raguwa yake. Fistan mai kwarmi yana ƙara filin, mai shafaffen kai ba ya ƙarawa. In matsin ya yi yawa, esans mara kyau ba ya jiran buji, sai ya kama da kansa, ya bugi fistan yana kan hanyar hawa. Ƙarar tsakuwar nan ke nan.

Alhaji ya gyara rawani ya ce, "To yanzu mi za a yi?"

Baba ya ce fistan kala-kala ne, wani kwarminsa da zurfi, wani kaɗan. Sai an san girman filin da ya rage kafin a zaɓa. Ya ce Baturen da ya koya masa yana da wani bututun gilashi mai zane-zane, da shi yake ɗiga ruwa ya auna, sannan ya yi lissafi a takarda. Bututun ya fashe tun kafin a haife ni. Lissafin kuma, ya faɗa a fili, bai taɓa iya shi ba. Littafin inji da Baturen ya bar masa dai yana cikin akwatinsa.

Ƙanwata tana tsaye a bayanmu ban sani ba. Ta zo hutun kaka ne, ranar kuma ita ta kawo mana fura. Ta ajiye ƙwarya ta ce, "Baba, in dai aunin ruwa ne, ai ina da sirinji a jaka. Babba, mai ɗaukar ashirin."

Na yi dariya. Na ce, "Ke, wannan ba cinyar jariri ba ce."

Ba ta kula ni ba. Baba ya ɗago kai ya juya fuska wajen muryarta. Ya ce, "Auta, zanen da ke jikinsa, daidai yake?"

"In ba daidai yake ba, da na kashe rabin ƙauyenmu."

Alhaji ya fashe da dariya, Baba ma haka. Nan take ya ce in kira mai kantin Maraɗi ya aiko da kowane iri da yake da shi, mu zaɓi ɗaya mu mayar da saura.

Washegari da hantsi motar haya ta sauke kwali uku: masu shafaffen kai irin na bara, da masu ɗan kwarmi, da masu kwarmi mai zurfi. Ƙanwata ta zo da tsohon zane ta ɗaura a kan rigarta, da littafin Baba a hammata. Bangonsa ya tafi, gefunan takardun sun yi baƙi da mai. Tun ina yaro nake ganin littafin nan, ina duba hotunansa, amma Faransancin da ke ciki ya fi ƙarfin aji huɗuna.

Ta zauna a kan taya ta riƙa karantawa tana juya wa Baba da Hausa. Shi kuma yana cewa, "Haka ne, haka yake yi, na tuna." Littafin ya ce a kwantar da kulas a rigingine, a daidaita shi, a sa buji, a shafa giris a bakin ramin, a rufe da wani abu mai haske da aka huda. Ni na yi duk wannan. Ni na samo marfin gidan faifan CD, na gasa ƙusa na huda shi. Ni na sa guntayen katako har kulas ya zauna daram. Ta zuƙi kalanzir a sirinji ta riƙa ɗurawa ta hujin a hankali, tana kallon kumfar iskar da ke ƙarƙashin robar tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Hannunta ko rawa ba ya yi.

"Arba'in da shida," in ji ta.

Ta sa na share, ta sake. Ta sake na uku. Sannan ta bi sauran ramuka ukun. Ta auna kwarmin fistan ɗin haka nan: na masu ɗan kwarmi shida, na masu zurfi goma sha huɗu. Ta karɓi ma'aunin ƙarfen Baba ta ce in auna mata faɗin silinda da kaurin juwan, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kulas da jikin inji. Na auna, na faɗa mata. Ta ce in sake. A rumfar da na yi shekara ashirin, ƙanwata ta ce in sake awo, na kuma sake.

Ta danna wayarta, ta rubuta a bayan kwalin. Ta ce kowace silinda tana zuƙar ɗari biyar da goma, juwan yana ƙara takwas a kan filin kulas. Da masu shafaffen kai, ana matse iskar sau goma da kusan rabi. Da masu ɗan kwarmi, sau tara da rabi. Da masu zurfi, sau takwas da rabi.

"Littafin kuma mi ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce irin wannan injin, in esans ɗin ba shi da kyau, kada ya wuce takwas da rabi."

"Na bara fa, nawa kika ce?"

"Goma da kusan rabi."

Baba ya tafa hannu sau ɗaya. Ya ce, "Auta, sake faɗa mini tun daga farko." Ta sake. Yana bin ta da leɓe kamar mai koyon waƙar sujada. Da ta gama ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a garejin nan ba. Ya ce shekara arba'in yana son ya ga an sake yin wannan awon a gabansa, ashe mai yin sa yana cikin gidansa yana cin tuwonsa.

Ina tsaye da tsumma a hannu. Na tuna injunan da na tayar a wurin nan, waɗanda wasu gareji suka ce a sayar wa masu gwangwan. Na tuna ranar da jak ya zame mota ta danne mini ƙafa, na ɗaure da tsumma na ƙarasa aikin. Ko sau ɗaya bai tafa hannu ba. In aiki ya yi kyau yakan ce, "To," shi ke nan. Yau ga yarinyar da na goya a bayana, ta yi rabin yini da sirinji, ta samu abin da ban samu ba.

Na ce, "Baba, a sa masu ɗan kwarmin. Tsaka-tsaki ne. Masu zurfin nan za su mayar da motar kamar jaki."

Ƙanwata ta ce, "Yaya, da a gidan mai yake shan esans kullum, da sai in ce to. Amma Alhaji na daji."

"Ke kin san mota ne?"

"Ban san ta ba. Lissafin kawai na yi."

Baba ya ce, "Kai, ka ji abin da ta ce. Masu zurfin za a sa."

Ranar Lahadi bayan sujada, dattawa suka zauna a inuwar majami'a kamar yadda suka saba. Mu ba mu da yawa, duk majami'ar ba ta fi gida goma sha biyar ba, don haka abin da aka faɗa a inuwar nan kowa ya ji. Baba ya ba su labarin sirinji. Ya faɗi arba'in da shida, ya faɗi takwas da rabi, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Fasto ya ce ilimi baiwa ce. Wani ya tambaya, "Wa ya sa na bara ɗin?" Baba ya ce, "Wancan ne," ya ci gaba da labarinsa. Na koma gida na ƙi cin abinci. Matata ta dube ni ta ce, "Ai ƙanwarka ce. In an yabe ta, gidanku aka yaba." Na ce mata kaina ke ciwo.

Kwana uku na yi ina haɗa injin, kuma ban taɓa haɗa inji da kyau kamar wannan ba. Na wanke kowane rami, na daidaita bakin zobban fistan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure kulas bi da bi yadda ya kamata. Ba na son a samu wani abin da za a ce nawa ne. Da na zo kan dalko, abin da ke raba wa buji wuta kowane a lokacinsa, sai na tsaya. Na san inda ya kamata ya zauna, ko ido rufe zan sa shi. In an juya shi baya kaɗan, wutar za ta riƙa zuwa a makare. Inji zai tashi lafiya, zai yi ƙara mai daɗi a tsaye, amma in an yi masa lodi sai ya mutu a jiki. Da rana tsaka ne, Baba yana gyangyaɗi a kujerarsa. Na sa shi daidai tukuna. Sannan na sassauta noti, na mayar da shi baya kamar kaurin ashana biyu, na ɗaure tam. Ba zan ce shaiɗan ne ba. Na san abin da nake yi, na kuma ji daɗin yin sa.

Da safe Alhaji ya zo. Muka shirya a gwada ta da lodi na gaske: akwai dammunan geronmu a gona da ba a kwaso ba, kuma a hanyar dawowa akwai wani tudun rairayi da ke gwada kowace mota. Ni na tuƙa, Baba a tsakiya, Alhaji a bakin ƙofa. Ƙanwata ta hau baya. A tafiya, da yake babu kaya, ba wanda ya lura da komai sai Baba, da na ga ya karkata kai gefe ɗaya. Muka loda dammuna har suka wuce kan mota, ƙanwata ta zauna a samansu, muka juyo.

Tun kafin tudun motar ta soma nishi. Na taka, ta ƙi amsawa. Allurar zafi ta fara hawa. Na sa giya ta biyu, na sa ta ɗaya, muka kai rabin tudu, ta tsaya tana rawa, ta mutu.

Alhaji ya ce, "Gaskiya ta bara ta fi wagga kuzari. Waccan ko da shanu biyu a baya tana haye irin wanga tudu."

Wani daɗi ya kama ni. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Ƙanwata ta diro daga kan gero. Ashe ta yago gefen kwalin da ta yi lissafin ta sa a jaka. Ta fito da shi, ta fito da waya, ta tsaya cikin rana tana dannawa. Ta zo wajen tagata, muryarta ƙasa-ƙasa don kada Alhaji ya ji.

"Yaya, ko na yi kuskure ne? Na sake bi, abu ɗaya yake ba ni."

Na ce, "Takarda daban, inji daban."

Ta dube ni, idonta ya cika. Ban ji tausayinta ba a lokacin. Daga baya na ji.

Baba ya ce, "Alhaji, ba ni hanya in sauka." Ya sauka. Ya ce da ni, "Kai, tada ta, ka buɗe gaba, ka zo ka kama hannuna." Na tayar, na buɗe, na kama hannunsa na kai shi. Ya ce in ba shi kile. Ya laluba ta gefen inji, yana kauce wa fanka kamar yana ganinta, har yatsunsa suka sauka kan notin dalko. Ya gwada shi da yatsa, ya ji a ɗaure yake tam. Sannan ya sa kile ya sassauta, ya kawo kunnensa kusa, ya riƙa juya dalko kaɗan-kaɗan. Muryar injin ta soma tashi, ta washe, ta zauna. Ya ƙara kaɗan, ya dawo kaɗan, ya ɗaure.

Kanmu yana haɗe a ƙarƙashin murfin, ƙarar inji ta rufe mu. Ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Shekara ashirin ba ka taɓa kuskure wannan ba."

Ya miƙe, ya miƙo mini kile. Ya ɗaga murya ya ce, "Noti ne ya yi sako-sako, dalko ya zame. Auta, hau mu tahi, lissafinki daidai yake."

Baba mutum ne da ko a ciniki ba ya ƙara magana. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai ranar, kuma don ni ya yi ta. Na koma baya na sake taho wa tudun. Motar ta haye a giya ta biyu, ba nishi, ba ƙarar tsakuwa. Alhaji yana ta "Masha Allah", ƙanwata tana buga rufin mota da tafin hannu don murna. Ni kuwa maganar Baba ke juyawa a kaina. Ita ce magana mafi kusa da yabo da ya taɓa yi mini, kuma a ranar da ya kama ni ya yi ta. Har muka isa gida ban san ko in ji kunya ko in ji daɗi ba. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Na zaci abin ya wuce. Bayan wata biyu sai ga Alhaji da motar, lafiya lau, da wata tunkiya uda a baya, gabanta baƙi bayanta fari, ga ta da ciki. Ya ce ta likitar mota ce. Ni ya yi mini godiya da baki, ya ba ni goro. Ƙanwata ta riga ta koma bakin aikinta. Baba ya shafa bayan tunkiyar ya ce, "Kai, gobe ka kai mata."

Haka na ɗaure tunkiya a kwando a bayan moto, wato babur, na bi ta Mayahi na miƙe arewa. Duk ramin da na faɗa sai ta yi kuka a kunnena. Sau biyu na tsaya na ba ta ruwa. Ta yi mini fitsari a bayan riga tun kafin rabin hanya. Ina tafe ina magana ni kaɗai, ina lissafa abin da na yi a injin nan da abin da ita ta yi.

Na isa wajen azahar. Gidan likitan ɗaki biyu ne da rumfa, rumfar cike da mata da jarirai, ranar rigakafi ce. Ƙanwata ita kaɗai ce sai wata ungozoma. Ta fito ta ga tunkiya ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Yaya, tun daga Tasawa?" Ta sa aka ɗaure ta a inuwa, ta ba ni ruwa, ta koma ciki. Na zauna ina kallonta ta ƙofa. Tana zuƙar magani, tana lallashin uwa, tana rubutu, tana kiran ta gaba, ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Ban taɓa ganin ta a bakin aikinta ba sai ranar.

Da layi ya ragu ta ce ko zan duba musu moton da suke shiga ƙauyuka da shi, wata guda ke nan ya ƙi tashi. Datti ne ya toshe hanyar esans. Kafin ta gama da mutum uku na tayar da shi. Ta fito ta ce wa matan, "Wannan yayana ne, shi ya gaji hannun Babanmu." Matan suka yi mini sannu. Maganar ta yi mini daɗi, amma ba daga bakinta nake son ji ba.

Muka ci abinci tare a bayan ɗakin. Na yi niyyar gaya mata, tun a hanya na shirya yadda zan fara. Na ce, "Kin tuna ranar nan a tudu?"

Ta ajiye cokali. Ta ce, "Kada ka tuna mini. Na zaci na kunyata Baba a gaban abokinsa. Ka san ina kan geron nan ina addu'a ƙasa ta tsage in shige? Allah ya so ni noti ne."

Na ce, "E, noti ne."

Aka kira ta, wata mata ta zo da naƙuda. Ta wanke hannu ta tafi, ni kuma na hau moto na juyo.

Na iso Tasawa rana na shirin faɗuwa, bayana kamar an yi mini duka. Baba yana kujerarsa. Ya ji ƙarar moto ya ɗago.

"Ta ga tunkiyar?"

"Ta gani."

"Mi ta ce?"

Na ce ta yi dariya, ta ce a gaishe shi, a yi wa Alhaji godiya. Ya ce in sake faɗa masa yadda ta yi dariyar. Na sake. Bai tambaye ni hanya ba. Na shiga na cire rigar da ta yi warin fitsari, na tarar an kawo injin niƙa tun da rana yana jirana.

Baba ya rasu bayan shekara uku. Har yau ban gaya wa ƙanwata ba, kuma na tabbata shi ma bai gaya mata ba. Muna zumunci sosai, ƴaƴana sun fi son gidanta da nawa. Tunkiyar ta yi ta haihuwa, yanzu tana da ɗan garke a wurin wani makiyayi. Kirsimetin da ya biyo bayan rasuwar Baba ta aiko mana da rago daga cikinsu, ta ce na yara ne. Ni na yanka, matata ta soya. Naman ya yi taushi ƙwarai, na ci har na ƙara, ina ci ina jin haushi.